Wuƙar Hamburg: shin Graf ta ci rabon Seles ne?

Baban Amira: Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai sai na amayar da ita. Jiya da daddare na sake kallon wasan ƙarshe na gasar tanis ta Ostireliya ta 1993, tsakanin Monica Seles da Steffi Graf. Graf ta ci zubin farko (wato kashin farko cikin kashi uku na karawar) 6-4, Seles ta farfaɗo ta cinye sauran biyun 6-3, 6-2. Yarinya 'yar shekara 19, amma wannan shi ne kofinta na takwas a manyan gasanni huɗu na duniya, wato na Ostireliya, Faransa, Wimbledon da Amurka. Bayan wata uku cif, ranar 30 ga Afrilu, wani mutum ya caka mata wuƙa a baya a filin wasa na Hamburg da ke Jamus. To ga maganata: Graf ta yi ritaya da manyan kofuna 22. Goma sha ɗaya kafin wuƙar, goma sha ɗaya bayanta. Ni a wurina rabin na biyu rabon Seles ne aka karkatar. Da ba a soke ta ba, da Seles ake kira sarauniyar tanis ta wancan zamani, kuma da Graf ba ta kai ko kusa da 22 ba. Mai ja ya fito.

Mai Lissafi: Wa'alaikumus salam. Na fito, Baban Amira. Lissafinka na 11 da 11 daidai ne, amma hukuncin da ka ɗora a kansa ya yi nauyi. Seles ta dawo fili a watan Agustan 1995. Daga cikin sha ɗayan nan na baya, shida ne kawai Graf ta ci lokacin da Seles ba ta nan: Faransa, Wimbledon da Amurka a 1993, Ostireliya a 1994, sai Faransa da Wimbledon a 1995. Sauran biyar ɗin Seles na wasa aka ci su. Biyu ma daga hannunta aka karɓa, wasan ƙarshe na gasar Amurka a 1995 da 1996. Kuma a karawarsu gaba ɗaya sau 15, Graf ta ci 10, Seles 5. Ko kafin wuƙar ma Graf ce a gaba, 6 da 4.

Baban Amira: Malam, wannan 6 da 4 ɗin a buɗe cikinta mana. Uku daga cikin shidan na 1989 ne, lokacin Seles na da shekara 15, Graf kuma ta gama cinye duniya. Wa zai ƙirga kokawar ƙato da ɗan yaye? Daga 1990 zuwa ranar wuƙa sun haɗu a wasan ƙarshe na manyan gasanni sau huɗu, Seles ta ci uku. Ita ce ta katse wa Graf nasara 66 a jere a Berlin a 1990, a Jamus ƙasar Graf ɗin, gaban mutanenta. Ita ce ta sauke ta daga matsayi na ɗaya a duniya a watan Maris na 1991 bayan mako 186 tana kai. Juma'ar da za ta yi kyau ai tun daga Laraba ake gane ta.

Ummi: Ni dai ban taso na tarar da su suna wasa ba, Serena Williams na sani. Don Allah wani ya ba ni labarin sukar nan tiryan-tiryan. Ta yaya mutum zai shiga fili da wuƙa ana tsakiyar wasa? Ina masu gadi?

Baba Malam: 'Yata, zauna ki ji. Mu da muka ga zamanin, har yau abin na nan a idonmu. Wasan kwata fainal ne, tana karawa da Magdalena Maleeva 'yar Bulgeriya. Seles ta ci zubin farko 6-4, tana gaba 4-3 a na biyu. Kin san bayan wasanni biyu-biyu 'yan wasa kan zauna su huta kafin su sauya ɓangare. A wancan lokacin kujerar ɗan wasa tana dab da 'yan kallo, ya ba su baya, shinge ɗan gajere ne kawai a tsakani. Ta zauna, tawul a hannu. Wani Bajamushe mai suna Günter Parche, ɗan shekara 38, ya gangaro daga cikin 'yan kallo kamar mai neman wucewa, ya miƙo hannu ta saman shingen ya daɓa mata wuƙa tsakanin kafaɗu. Ta yi ƙara, ta miƙe ta yi 'yan taku, hannunta na laluben bayanta, fuskarta ta wanda bai san abin da ya same shi ba, sannan aka tare ta ta sulale ƙasa. Allah ya taƙaita, a daidai lokacin ta ɗan sunkuya gaba, wuƙar ta shiga kamar santimita ɗaya da rabi, ta kuskure lakar baya da kaɗan.

Da farko mutane sun zaci siyasa ce, saboda ana yaƙi a Yugoslabiya kuma ita haifaffiyar Novi Sad ce, ko da yake iyayenta 'yan ƙabilar Hangari ne. Ashe ba haka ba. Mutumin masoyin Graf ne har abin ya zame masa ciwo, kuma da bakinsa ya ce ya yi ne don Graf ta koma matsayi na ɗaya. A watan Yunin wannan shekarar ta koma.

Ummi: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. To shekara nawa aka ɗaure shi, Baba?

Baba Malam: Nan ne inda zuciya ke ƙuna. Kotu ta ce yana da taɓin hankali, ta same shi da laifin yi wa mutum mummunan rauni maimakon yunƙurin kisa, ta yi masa ɗaurin je-ka-gyara-halinka na shekara biyu. Banda 'yan watannin da ya yi a tsare kafin shari'a, bai kwana gidan yari ba. Aka ɗaukaka ƙara, aka sake tabbatar da hukuncin a 1995. Seles ta ce ba za ta sake buga wasa a Jamus ba, kuma har ta ajiye raket ba ta sake ba.

Ustazu: Jama'a ku yi mini haƙuri in sa baki. Duk muhawarar nan a kan kalmar "da" aka gina ta. Da ba a soke ta ba, da kaza da kaza. Kuma ya zo a hadisi cewa "da" tana buɗe ƙofar aikin shaiɗan. Abin da Allah ya rubuta wa Graf na kofuna 22 babu mai hana ta, wanda ya rubuta wa Seles na 9 babu mai ƙara mata. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Kalmar "ta ci rabon wata" ita ce ban yarda da ita ba, Baban Amira. Babu mai cin rabon wani.

Baban Amira: Allah ya gafarta Malam, na karɓi gyara a kan lafazin, ba na ja da ƙaddara. Amma ai imani da ƙaddara bai hana a kira zalunci da sunansa ba. In ɓarawo ya kwashe hatsin manomi, ƙaddara ce, kuma sata ce. Abin da nake nufi shi ne mutum ɗaya ya zauna ya ƙudurta sauya tarihin wasa da wuƙa, kuma abin da ya nema ya samu. Shi ne ya hana ni barci.

Ustazu: Wannan kam na yarda da kai. Zalunci ne, kuma hukuncin da aka yi masa bai yi kama da adalci ba.

Mai Lissafi: Ni ma ban musa zaluncin ba. Inda nake ja shi ne a ɗauki laifin Parche a rataya a wuyan kofunan Graf. Ku tuna wace ce Graf kafin Seles ta iso. A 1988 ta cinye manyan gasanni huɗun duka a shekara ɗaya, ta haɗa da zinaren Olamfik a Seoul. A wasan 'yan ɗai-ɗai na masu tsaye da ƙafafunsu, babu mace ko namiji da ya sake yin haka a shekara guda. A wasan ƙarshe na Faransa a shekarar ta lallasa Natasha Zvereva 6-0, 6-0 cikin abin da bai fi rabin awa da 'yan mintuna ba. Kowace babbar gasa ta ci ta aƙalla sau huɗu: Ostireliya 4, Faransa 6, Wimbledon 7, Amurka 5. Mako 377 a matsayi na ɗaya. Irin wannan ba a ce da ita mai cin gajiyar rashin wata.

Sannan ga maganar ciyawa. Seles ba ta taɓa cin Wimbledon ba, gasar Ingila da ake bugawa a kan ciyawa. Sau ɗaya ta kai wasan ƙarshe, a 1992, tana kan ganiyarta, Graf ta gama da ita 6-2, 6-1. Dalilin a fili yake. Seles da hannu biyu take riƙe raket ta kowane ɓangare, wannan na ba ta ƙarfi da kusurwoyin da babu mai zato, amma yana rage mata tsawon miƙa. A filin jar ƙasa ko na daɓe ƙwallo na tashi sama ta same ta daidai ƙugu. A ciyawa kuwa ƙwallo na zamewa ƙasa-ƙasa, Graf kuma gwanar yankan ƙwallo ce ta bayan hannu, sai ta riƙa shimfiɗa mata ita a ƙasa tana ja da ita gefe. Don haka Wimbledon na 1993 da 1995 da 1996, da Seles da babu, ni Graf zan ba.

Baban Amira: Wasan 1992 ɗin nan kada ka manta abin da aka yi mata a makon. Seles na yin gurnani duk lokacin da ta bugi ƙwallo, jaridun Ingila suka sa ta gaba, Nathalie Tauziat ta kai ƙara wurin alƙalin wasa, Martina Navratilova ma ta kai a wasan kusa da ƙarshe. Ranar wasan ƙarshe yarinyar ta shiga fili tana danne numfashinta. Wanda aka hana shi yin abin da ya saba tun yana ƙarami, yaya zai yi wasansa?

Mai Lissafi: An takura mata, gaskiya ne. Amma 6-2, 6-1 ta fi ƙarfin a ce shiru ne kaɗai ya jawo ta.

Anti Rabi: Ku dakata haka nan, maza. Tun ɗazu kuna ta ƙirga kofi, kun bar mutum a baya. Mai Lissafi, ka ce biyar daga cikin kofunan Graf "Seles na wasa" aka ci su. Wace Seles ɗin? Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata ashirin da ɗoriya ina wanke raunuka. Raunin fata daban, na zuciya daban. Ƙanena masu ƙwacen waya suka soka a kafaɗa cikin adaidaita sahu, shekara huɗu ke nan. Ɗinki shida aka yi masa, cikin mako uku ya warke sarai. Amma har yau in muka je gidan biki sai ya zagaya ya nemi kujerar da bayansa zai jingina da bango. In yaro ya taɓa shi ta baya ba zato, sai ka ga gumi ya keto masa a goshi, hannunsa na rawa, kofin shayi ma sai ya ajiye. To wannan mutum ne da ba a ce ya koma cikin adaidaitar nan ya zauna a kujerar nan dubban mutane na bayansa ba. Ita kuwa sana'arta ke nan: ta zauna ta ba jama'a baya, bayan kowane wasa biyu.

Raunin Seles ya warke cikin makonni, amma ta yi fiye da shekara biyu ba ta shiga gasa ba. Ita da kanta ta bayyana cewa ta faɗa ciwon damuwa, ta koma cin abinci ba ƙaƙƙautawa a ɓoye, jikinta ya yi nauyi. A daidai wannan lokacin kuma aka gano mahaifinta na da ciwon daji. Mahaifin nan shi ne kocinta tun tana 'yar mitsitsiya. Mai zanen barkwanci ne a jarida, a wurin ajiye motoci ya fara koya mata, ya ɗaura igiya tsakanin motoci biyu a matsayin raga, yana zana mata ɓera a jikin ƙwallo don ta bi ta da duka. Ya rasu a watan Mayun 1998. Bayan 'yan makonni ta je gasar Faransa a Faris ta kai wasan ƙarshe, Arantxa Sánchez Vicario ta doke ta. Wadda ta dawo a 1995 sunanta Seles, amma ba yarinyar nan ba ce da Graf ke gabanta 6-2 a bugun raba gardama a Faransa a 1990, ta ci maki shida a jere ba ko gezau, tana da shekara 16.

Mai Lissafi: Anti, Allah ya ƙara wa ƙaninki lafiya, ya kiyaye gaba. Na ji wannan, kuma na janye lafazin "Seles na wasa" yadda na faɗe shi, kamar komai ya koma daidai. Sai dai ki ba ni dama in ce wani abu. Gasar farko da ta shiga bayan dawowarta, a Kanada, ta cinye ta, ta doke Amanda Coetzer 6-0, 6-1 a wasan ƙarshe. Ta je Amurka ta kai wasan ƙarshe, har ta yi wa Graf 6-0 a zubi na biyu kafin ta faɗi a na uku. A Janairun 1996 ta ci Ostireliya. Wato gwanintar na nan.

Anti Rabi: Gwaninta ba ta gudu, ƙanena. Natsuwa ce ke gudu. Kuma wannan da ka lissafo ni hujja ce a wurina: wadda ta yi wata 27 a gida cikin wannan hali ta dawo ta yi haka, to ina ga an bar ta da lafiyarta daga shekara 19 zuwa 22, shekarun da ɗan wasa ke cika ya batse?

Baba Malam: Bari in taya Mai Lissafi kaɗan, don kada a yi masa taron dangi. Na ga yara da yawa sun fito kamar za su cinye duniya, sai abin ya tsaya. Tracy Austin ta ci gasar Amurka a 1979 tana da shekara 16, ta sake ci a 1981, ciwon baya ya gama da ita. Martina Hingis ta tara manyan kofuna biyar tana da shekara 18, daga Janairun 1999 ba ta ƙara ko ɗaya ba a wasan 'yan ɗai-ɗai, kuma babu wanda ya soke ta. Ƙarfi ne ya zo ya fi nata: Lindsay Davenport, Venus Williams da ƙanwarta Serena. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Don haka mai cewa Seles za ta kai 20 ko 25, zato yake yi. Kuma ko a shekarun da ba ta nan, ba Graf kaɗai ta ci ba. Sánchez Vicario ta ɗauki biyu a 1994, Conchita Martínez ta ci Wimbledon a shekarar da aka fitar da Graf tun zagayen farko, Mary Pierce ta ci Ostireliya a 1995.

Amma, Baban Amira, ga inda nake tare da kai. Daga Janairun 1991 zuwa Janairun 1993 Seles ta shiga manyan gasanni takwas, ta kai wasan ƙarshe a dukansu, ta ci bakwai. Ban ga alamar gajiya a tare da ita ba a lokacin. Hasali ma a wasan da ka kalla jiya, bugun farkonta ya fi na shekarun baya ƙarfi. Tana kan hawa aka tare ta.

Ummi: To ita Graf me ta yi da abin ya faru? Kuma sauran 'yan wasan fa, ai ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Baba Malam: Graf ta je asibiti ta duba ta, an ce duk su biyun sun yi kuka. Amma gasar ba a dakatar da ita ba, aka ci gaba, Graf ta buga wasan ƙarshe a wannan filin, Sánchez Vicario ta doke ta. Bayan kwanaki manyan 'yan wasa suka taru a birnin Rum, aka tambaye su ko a daskarar wa Seles matsayinta na ɗaya har ta warke. Suka ƙi. Gabriela Sabatini 'yar Ajantina ce kaɗai ta ƙaurace wa ƙuri'ar. Matsayi kuɗi ne, 'yata, da shi ake samun kwangilar talla da sauƙin jadawali, kowa ya duba aljihunsa. Sai da za ta dawo a 1995 aka ba ta matsayi na ɗaya tare da Graf.

Anti Rabi: Wannan ƙuri'ar ta fi wuƙar yi mini ciwo. Shi an ce mahaukaci ne. Su fa?

Baban Amira: Shi ya sa na ce a daina karanta 22 ɗin nan kamar babu abin da ya faru. Amma na saurari kowa, kuma zan rage wa maganata kaifi. Ban ce Graf na da hannu ba, har abada, ita ma an jefa ta cikin abin da ba ta nema ba, ta rayu da sanin cewa da sunanta aka zubar da jinin abokiyar karawarta. Na bar mata Wimbledon ɗinta bakwai, Mai Lissafi ya gamsar da ni a kan ciyawa. Na bar mata Faransa ta 1999, wadda ta doke Seles a kusa da ƙarshe ta doke Hingis a ƙarshe tana dab da shekara 30. Amma Faransa da Amurka na 1993 da Ostireliya ta 1994, waɗannan ukun Seles ce ke riƙe da kambinsu lokacin da aka soke ta. Faransa sau uku a jere ta ci, Ostireliya sau uku a jere, Amurka sau biyu. A nan ba na matsawa ko taku ɗaya.

Mai Lissafi: A kan waɗannan ukun ba ni da abin cewa sai dai a buga a gani, kuma an hana mu gani. Wasansu na Faransa a 1992 sai da aka kai 10-8 a zubi na uku kafin Seles ta ci. Irin wannan muka rasa, wataƙila sau goma ko fiye. Ni a matsayina na masoyin Graf, da ta ci 18 tana doke Seles mai lafiya a wasu ta faɗi a wasu, da ya fi mini daɗin faɗa a kan 22 ɗin da duk inda na ambata sai an ce mini "amma fa".

Ummi: Seles ɗin tana raye yanzu? Ina take?

Anti Rabi: Tana raye, tana Amurka, ta zama 'yar ƙasar tun 1994, har ta ci musu tagulla a Olamfik na Sidni a 2000. Wasanta na ƙarshe a gasa shi ne a Faransa a 2003, ciwon ƙafa ya hana ta ci gaba, ta sanar da ritaya a 2008 da kofuna 53 na wasan 'yan ɗai-ɗai, manya da ƙanana. A 2025 ta fito ta bayyana cewa tana fama da wata cuta mai raunana tsokar jiki, har ta kan ga ƙwallo ɗaya ta zama biyu a idonta. Shi kuwa Parche ya mutu a 2022 a gidan kula da marasa lafiya a Jamus.

Baba Malam: Ummi, in kin sake kallon tanis, ki lura da lokacin da 'yan wasa suka zauna hutu. Za ki ga mutane tsaye a bayan kujerunsu, sun ba fili baya, idonsu na kan 'yan kallo. Tun daga abin da ya faru a Hamburg aka tsaurara wannan.

Ummi: Na sha ganinsu, Baba, na ɗauka masu riƙe lema ne. Allah ya ba ta lafiya. Baban Amira, don Allah turo mini wasan 1992 ɗin nan na 10-8, shi nake so in fara gani.